Wa Ya Kamata a Tambaya "Yaushe Za a Gama?"

A cikin birnin Kano babu tambayar da ke sosa zuciyar ɗalibin digiri na uku kamar "Har yanzu ba ka gama ba?" Ana jefa masa ita a wajen ɗaurin aure, ana bin sa da ita har zaman makoki. Ni da na kammala digirin farko, nake kuma hangen wannan turba, ina ganin tambayar zalunci ce, domin an kai ta ƙofar da ba tata ba.

Abin mamaki, birnin nan bai taɓa ƙyamar dogon karatu ba. A zaurukan Madabo da Kabara, mutum kan fara da Ahalari da Ishmawi, ya bi ta Iziyya da Risala, furfura ta riske shi a kan Muhtasar, kuma ba wanda ke ƙirga masa shekaru. Dalili shi ne kowace safiya malam na nan a kan buzunsa, karatu na gaba.

Shekarun digiri na uku kuwa, nawa ne na karatu, nawa ne na jira? A takarda shekara uku ce mafi ƙaranci. Amma yajin aikin ASUU ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Wata goma sha bakwai ke nan da ɗalibi bai ci ba, bai sha ba, aka rubuta a kansa. Ƙara da babin da ke kwana watanni a teburin malamin da aka labta wa ɗalibai fiye da ƙima, da zaman jiran mai jarrabawa daga wata jami'a.

Masu cewa matsin lamba na zaburar da malalaci suna da 'yar gaskiya. Sai dai bulala ba ta bambance rago da wanda aka ɗaure wa ƙafa. Abin da take haifarwa shi ne kundin gaggawa: a kwaso nan, a yago can, a ɗinke, a samu "Dakta" a gaban suna. Sauri ya haifi nawa, al'umma ta kwashi asara.

Don haka a juya akalar tambayar. A tambayi gwamnati yarjejeniyar da ta sa wa hannu da malamai a 2009. A tambayi jami'o'i me ya hana su yanka wa malami wa'adin duba babi, kamar yadda suka yanka wa ɗalibi wa'adin biyan kuɗi. Shi kuwa ɗalibi, a tambaye shi abin da malaman zaure ke tambaya: "Ina ka tsaya a karatu?"