Ruwan da ke zuba a makewayi dukiyar ƙasa ce

A shekara ta 2011 Dungas ta zama gunduma ta kanta, bayan ta daɗe ƙarƙashin Magariya. Yayin da ma'aikatu ke ƙaruwa a gundumomin nan biyu, makewayin zamani ma yana ƙaruwa. Amma tare da shi wata ɓarna ta shigo wadda ba a ɗauke ta bakin komai ba, wato tankin makewayi da ke cika yana zubar da ruwa dare da rana.

Dalilin abin ba boyayye ba ne. A cikin tankin akwai ƙwallon roba da ke tashi bisa ruwa. In tanki ya cika, shi ke toshe bakin pampo. Idan ƙwallon ya huje, ko sandarsa ta lanƙwashe, ko ƴar robar da ke toshewa ta cinye, ko rairayi ya maƙale mata, to ruwa ba zai tsaya ba. Gyaran bai wuce a rufe makunnin ruwa, a wanke bakin, a daidaita sandar, ko a sake robar ba.

A yi lissafi. Tankin da ke zubar da lita 1 a minti yana hasarar lita 1440 a kwana guda, wato fiye da jarka 57 masu cin lita 25. Mata nawa ne za su kwana bakin rijiya kafin su ja wannan ruwa? Kusancin ruwa a kwarin Korama kada ya ruɗi kowa: birnin Damagaram kansa daga nesa ake janyo masa ruwa, daga Gogo da Arunguza.

Babbar cutar ita ce tunanin nan na cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Ma'aikacin da ba zai yarda pampon gidansa ya yi ɗigo ba, shi ne ke wuce na biro ko a jikinsa. Alhali kuɗin ruwan daga harajin talaka yake fitowa.

Saboda haka ya kamata kowane shugaban ma'aikata ya ɗora wa mutum guda nauyin dubawa, musamman ranar Juma'a kafin a tashi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ma ya isa: ya rufe dukkan pampuna, ya dubi lambobin ma'aunin ruwa. In suna tafiya, akwai ɓarna, sai a kira mai gyara tun a ranar. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa kan ƙare.