Allunan Tallar Man Shafawa Da Aikin Masu Zane

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal da ya biyo ta Abuja zuwa gida, ya ga manyan allunan tallar sabulu da man shafawa da aka kakkafa a bakin titi. Galibi fuska iri ɗaya ce a kansu: mace fara sol, fata sumul, kamar rana ba ta taɓa dukanta ba. Waɗansu na ganin bai kamata gwanin zane ya kula da waɗannan hotuna ba, wai harkar 'yan kasuwa ce. Wannan kuskure ne babba.

Marigayi J. D. Okhai Ojeikere ya isa misali. Mai ɗaukar hoto ne a wani kamfanin talla a Ikko daga 1963 zuwa 1975, inda ya ƙara gogewa wajen sarrafa haske. A 1968 sai ya juya wannan gwaninta ga kitson mata, yana ɗaukarsu yawanci ta ƙeya, ba sunan mai ko sabulu, sai aikin makitsiya kaɗai. Ya tara hoto wajen 1,000, aka kuwa baje waɗansu a bikin zane na Venice a Italiya a 2013, shekara guda kafin rasuwarsa.

Lamarin ya wuce ado. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna shafa man sauya fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana abin a matsayin matsalar gaggawa. Sinadarin makuri da ke cikin waɗansu mayukan yana lalata ƙoda. Yarinyar da ta tashi a Agege ko Sabo, allon nan take kallo kullum, wa'azin uwarta kuwa ba shi da hoto.

Saboda haka lalle ne masu zanen Abuja su ari girman allon da launinsa da haskensa, su ɗora baƙar mace da kitsonta da lallenta. Su kuma zana gaɓoɓin yatsun da mai ya ƙona, abin da mai talla ba zai taɓa nunawa ba. Hukumar zane ta ƙasa, watau National Gallery of Art, wadda aka kafa a 1993, ita ya kamata ta biya kuɗin aikin, ta kafa shi a tashar Jabi da kasuwar Wuse, inda talakawa ke wucewa.