Alƙalin da Ba Ya Karɓar Gaisuwa

 Batun yau ya fito daga nesa, daga ƙasashen Amurka da Ostareliya, kuma a kan tseren iyo ne na mata, abin da mai ji zai ɗauka wasa ne kurum. Amma a cikinsa akwai mas'alar da duk wanda ya taɓa zama a zauren shari'a ko ya riƙe mudu a kasuwa ya sani, watau in masu nema sun yi yawa, abin nema kuwa kaɗan ne, da me za a raba tsakaninsu? Da sunan da suka yi jiya, ko kuwa da abin da suka iya yau?

Da fari ga yadda sha'anin yake. Tafkin da ake tsere a ciki ginanne ne, tsawonsa mita 50, an raba shi layi-layi da igiyoyi, mutum takwas ke shiga tseren ƙarshe. Iyo iri huɗu ne, wanda ya fi sauri kuwa shi ne iyon ganin dama. An ba shi wannan suna domin doka ta bar wa kowa ya yi irin iyon da ya so, sai dai dukansu iri ɗaya suke zaɓa, a kife bisa ruwa, hannu na bin hannu, ƙafafu na dukan ruwa, a juya kai gefe a shaƙi iska. Mata suna yinsa a mita 50, da 100, da 200, da 400, da 800, da 1500. A bangon tafki akwai wani allo na lantarki, da hannu ya taɓa shi agogo ya tsaya, kuma yana ƙidaya har kashi ɗaya cikin ɗari na sakan.

Babban taron duniya shi ne wasannin Olamfik, bayan kowace shekara huɗu. Tun daga 1984 ba a yarda ƙasa ɗaya ta sa fiye da mutum biyu a tsere ɗaya ba, su ma sai sun cika lokacin da hukumar iyo ta duniya ta yanka. To, ƙasa kamar Amurka mai gwanaye barkatai, yaya za ta fid da biyu? Sai ta kira taron gwaji 'yan makonni kafin wasannin, kowa ya shiga ruwa, ta fari da ta biyu su tafi. A mita 100 da 200 akan ƙara har zuwa ta shida saboda tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu, in jimlar mata ba ta wuce 26 ba. Ba a tambayar wa ta ci bara, ba a tambayar wa ta kwana da zazzaɓi. Ostareliya ma haka take yi, har takan yanka lokacin kanta wanda sau da yawa ya fi na duniya tsanani.

Masu sukar wannan hanya suna da hujja, kuma hujjar tana da suna, Simone Manuel. Wannan baiwar Allah ita ce mace baƙar fata ta fari daga Amurka da ta ci lambar zinariya ta ƙashin kanta a iyon Olamfik, a birnin Riyo cikin 2016, inda ita da Penny Oleksiak ta Kanada suka taɓa bango tare a mita 100, sakan 52.70 kowaccensu. Shekara biyar bayan haka, cikin Yuni 2021, aka yi gwaji a garin Omaha. A zagaye na kusa da ƙarshe ta zo ta tara, alhali takwas ake ɗauka. Tsakaninta da ta takwas kashi biyu ne cikin ɗari na sakan. Wanda ya iya lissafi ya auna: mai iyo irin wannan tana cin kusan mita biyu a sakan guda, saboda haka ratar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A daren nan ta bayyana wa 'yan jarida cewa tun watan Maris likita ya gaya mata horo ya yi wa jikinta yawa, zuciyarta na bugawa da sauri ko tana zaune, barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, har aka hana ta shiga ruwa mako uku. Jiki magayi. Mai riƙe da kambin duniya ke nan aka hana ta zuwa ta kare kambinta.

A Ostareliya abin ya fi haka ban tausayi. Cate Campbell, wadda aka haifa a Malawi cikin 1992, ta je Olamfik sau huɗu, ta ci zinariya huɗu a tseren karɓa-karɓa, ta taɓa riƙe lokacin da ya fi na kowa a duniya a mita 100, ita ce ma ɗaya daga cikin biyun da suka ɗauki tutar ƙasarsu a Tokiyo. A gwajin Birisben cikin Yuni 2024, tana da shekara 32, ba ta kai tseren ƙarshe na mita 100 ba, a mita 50 kuwa ta zo ta bakwai. Ƙanwarta Bronte ta sami shiga, ita aka bar ta gida, ba a jima ba ta yi sallama da tsere. A wannan gwaji kuma Emma McKeon, wadda ta ci lamba bakwai a Tokiyo, har da zinariyar mita 100 da sakan 51.96, ta zo ta shida. Biyun da suka karɓi wurinta, Mollie O'Callaghan da Shayna Jack, da aka je Faris sai suka zo ta huɗu da ta biyar, ba su kawo ko tagulla a wannan tsere ba. Masu suka suka ce, ga shi nan, an bar tsohuwar hannu an ɗauki sabuwa, an dawo hannu sake.

Magana ce mai nauyi, amma ba ta isa ta rushe hanyar ba. Babu wanda zai iya rantsewa cewa wadda ta zo ta shida a gida cikin Yuni za ta zo ta fari a duniya cikin Yuli. Zato ne, alƙali kuwa ba ya yanka hukunci da zato. Sa'an nan sai a duba abin da ke faruwa in an ɗauke hukunci daga agogo aka ba wa mutanen da ke zaune a ɗaki.

An taɓa gwada wannan. A 1912, a birnin Sitokholm, aka fara barin mata su yi iyo a Olamfik. Shugabannin wasanni na Amurka ba su aika ko mace ɗaya ba. A Ostareliya kuwa akwai Fanny Durack, wadda babu macen da ke kamo ta a ruwa, amma ƙungiyar iyon mata ta jiharta ta ƙi yarda da farko, sai da jama'a suka matsa kana aka bar ta ita da Mina Wylie suka tafi, da sharaɗin kuɗin tafiya ba daga hukuma zai fito ba. Suka je suka ɗauko zinariya da azurfa a mita 100, Durack da minti 1 da sakan 22.2. Da an bi ra'ayin manya, da gwanar duniya ta zauna gida ba wanda ya san da ita.

Shekara ɗari cif bayan wannan, a gwajin Omaha na 2012, wata yarinya mai shekara 15, Katie Ledecky, wadda ba ta taɓa wakiltar ƙasarta a wani babban taro ba, ta zo ta fari a mita 800. Wane kwamiti ne zai zaɓe ta? Ba ta da tarihi, ba ta da suna, akwai manya a gabanta masu lambobi. Agogo ne kaɗai ya tsaya mata shaida. Ta je Landan ta ci zinariya da minti 8 da sakan 14.63, mai riƙe da kambin, Rebecca Adlington 'yar Ingila, ta zo ta uku a gaban mutanen ƙasarsu. Ledecky ta sake cin wannan tsere a 2016, da 2021, da 2024, sau huɗu a jere, zinariyarta ta Olamfik ta kai tara, lambobinta duka 14. Abin lura kuwa shi ne, duk da wannan ɗaukaka, kowane karo sai ta koma ta shiga gwaji kamar kowa, ta tsaya a layi da 'yan makaranta. Ƙofar da ta shigo da ita tana yarinya ba a rufe ta don ta girma ba.

Ɗan kasuwa ya san wannan tun a rumfarsa. Mudun da ke girma in aminin mai hatsi ya zo, ya ƙanƙance in baƙo ya zo, ko an yi shi da niyyar alheri, ƙarshensa kasuwa ta watse. Ranar da aka ce a ɗaga wa Campbell ƙafa domin hidimar da ta yi wa ƙasa, ranar nan aka gaya wa wata yarinya da ta yi shekara goma tana tashi da asuba tana shiga ruwan sanyi cewa taɓa bango da fari bai isa ba, sai an san ta. Daga nan kuma sai neman uban gida, sai kai gaisuwa, sai kowane mai horarwa ya ja wa tasa. Birtaniya takan sassauta, ta taɓa zaɓar waɗansu gwanayenta tun kafin gwajin wasannin Tokiyo saboda lambobin da suka ci a gasar duniya, kuma wannan yana da fuska in gwanaye kaɗan ne. Ƙasar da ta shida a cikinta mai zinariya ce ba ta da wannan sarari.

Har wa yau, hanyar ba ta rasa wurin da hankalin mutum ke aiki ba, sai dai an ajiye shi a bayan ƙofa. Duk wadda ta shiga ƙungiya, ko ta wane tsere ta shiga, masu horarwa suna da ikon sa ta a karɓa-karɓa. Manuel, bayan faɗuwar nan tata, a daren ƙarshe na gwajin ta ci mita 50 da sakan 24.29, ta riga Abbey Weitzeil da kashi ɗaya tak cikin ɗari. Da aka je Tokiyo sai masu horarwa suka sa ta ta rufe tseren mutum huɗu na mita 100, Amurka ta ci tagulla. Olivia Smoliga, wadda ta zo ta uku a gwaji, zagayen fari kaɗai ta yi, ko da yake ita ma an ba ta lambar. McKeon ma haka, ta shiga ƙungiya, aka sa ta cikin huɗun da suka ci wa Ostareliya zinariya a Faris. Wannan rabo ya yi daidai, agogo ya buɗe ƙofa, manya su tsara zama a cikin gida.

Inda gyara ke bukata wuri biyu ne. Na fari dokar mutum biyu. Tana da dalilinta, gama a Masko cikin 1980 matan Jamus ta Gabas sun kwashe zinariya da azurfa da tagulla a mita 100 da 200 da 400, daga baya kuma ta tabbata hukumar ƙasar tana ɗura wa 'yan wasanta magungunan ƙara ƙarfi. Amma a tseren gudu na ƙasa har mutum uku ake bari. Ba a ga abin da ya sa mai iyo ta uku a Ostareliya, wadda lokacinta zai iya kai ta tseren ƙarshe na duniya, za ta zauna kallo ba. Na biyu kuwa horon da ke cinye jiki. Agogo bai sa wa Manuel ciwo ba, ya dai faɗi abin da ya gani. Masu horarwa da likitoci su ne ya wajaba su gane alama tun da wuri, su ba da hutu tun taro yana nesa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata ƙaramar ƙofa da ya kamata mai karatu ya sani, domin ta nan ƙasashen wannan yanki suke shiga. Ƙasar da ba ta da wanda ya cika lokacin da aka yanka, akan bar ta ta aika namiji ɗaya da mace ɗaya. Ta haka Roukaya Moussa Mahamane ta Nijar ta yi mita 50 a Riyo da Tokiyo, ta haka kuma Abiola Ogunbanwo ta Nijeriya ta yi mita 100 a Tokiyo da sakan 59.74, ta zama macen Nijeriya ta fari da ta yi shi ƙasa da minti guda. Dawn Fraser ta Ostareliya ta ƙetare wannan shinge tun 1962. Ratar shekara 59 ke nan, kuma wanda ya ga Sarkawa a ruwan Argungu ya san ba iya iyo aka rasa ba, tafkin mita 50 da mai horarwa da agogon gaskiya su ne suka yi ƙaranci.

A Yuni 2024 Amurka ta yi gwajinta a Indiyanafolis, aka gina tafki a cikin filin ƙwallo mai rufi, 'yan kallo fiye da 20,000 a dare guda. Simone Manuel ta dawo bayan dogon hutu da sauya wurin horo. Ta zo ta huɗu a mita 100, ta sami wurin karɓa-karɓa. A daren ƙarshe ta ci mita 50 da sakan 24.13, Gretchen Walsh ta biyo ta da 24.15, watau kashi biyun nan cikin ɗari da suka hana ta a Omaha. Abbey Weitzeil, wadda ta bi ta zuwa Tokiyo a wannan tsere, wannan karo ita ce ta uku.