A bar 'yar Jega ta yi magana da bakin Jega

Kwanan baya wasu ɗalibai suka kawo mini wasan kwaikwayon soyayya da suke shirin nunawa a Aliero da Maiyama: budurwa 'yar Jega ta bi ayarin fataken goro zuwa Gwanja, cikin Ghana ta yau, a ƙarni na 19. Labarin ya yi armashi, amma harshensa ya dame ni. Budurwar tana Kanancin finafinai, tana ciniki da naira, kuɗin da sai 1973 aka fara kashewa, alhali a zamaninta wuri ake ƙirgawa. Mutumin Jega "shina" yake cewa, da "mi", da "ɗiya". Tufafi kaɗai ba sa mayar da mai kallo zamanin da. Idan muka kori karin harshenmu daga dandali, wa zai adana mana shi?