Ruwan Tiga bai ƙare ba, hanyar aikin ce ta toshe

Jama'a, duk shekara da an shiga noman rani sai ka ji roƙo ɗaya daga Kura zuwa Bunkure har Garun Malam: gwamnati ta zo ta gyara mana kanal. Ni dai na gaji da wannan roƙon. An zuba siminti a kanal ɗin nan ba sau ɗaya ba. Abin da har yau yake ɗingishi shi ne yadda aiki ke tafiya daga teburin ofis zuwa bakin fegi.

A 1974 aka kammala dam ɗin Tiga, zamanin Audu Bako. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kashi na farko na aikin an tsara shi ne a kan hekta 22,000, kuma ruwan da kansa yake gangarowa, ba inji ba dizal. Sai 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, kusan dala miliyan 495 domin mu da Bakolori da Haɗeja da sauransu. Bashi ne fa, ba sadaka ba. An yi aiki, mai ido ya gani. To bayan ɗan kwangila ya kwashe motocinsa, wa yake da alhakin me?

Ku ɗauki misali ɗaya ku bi shi daki-daki. Manomi yana can ƙarshen layi, alkamarsa ta fara fitar da kai, ruwa bai iso ba. Wa zai faɗa wa? Ya je wajen shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa, shi kuma ya nemi mai kula da ƙofa, wannan ya ce sai ya ji daga ofis, ofis ya ce sai an tuntuɓi hedikwata. A ina aka rubuta koken? Kwana nawa ne ƙa'idar ba da amsa? Idan ba a amsa ba, sunan wa za a kira? Fisabilillahi, in akwai wanda ya san amsar ya rubuta mana a ƙasa. Alkama ba ta jiran sa hannun oga, dashen tumatir balle.

Sai maganar kuɗin ruwa, wadda ta fi ƙona min rai. Tun 2015 kuɗin shigar hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya na TSA yake tafiya. Manufar ba laifi, an so toshe ɓaraka ne. Amma yasar kanal tana da lokacinta, ɗan tsakanin da ake rufe ruwa kafin a sake buɗewa. Duk kuɗin da sai ya je Abuja ya jira kasafi sannan ya dawo, to fa zai iske an saki ruwa, laka da kachala sun riga sun zauna daram. Shi ya sa TRIMING ta zo da dabarar miƙa ƙananan hanyoyin ruwa ga ƙungiyoyin manoma, su tara kuɗi su riƙa gyara da kansu. Madalla. Sai dai in manomi zai biya ba tare da ya ga lissafi ba, nawa aka tara a ɓangarensa, nawa aka kashe, wace magudana aka yashe, to an ɗauko duhun ofis ne kawai an kawo shi ƙauye.

Mu ma manoma ba wankakku ba ne. Akwai masu ɓalle kwaɗon ƙofa, akwai masu tare ruwa da buhunan yashi cikin dare, akwai masu noma har kan gaɓar kanal. Amma kafin ka zagi na kan ruwa, tambayi kanka me ya sa yake cika fegi har ya yi ambaliya. Bai san ranar da ruwan zai dawo ba. Wanda ba shi da tabbacin gobe, yau zai kwashe rabonsa da na maƙwabci. A Punjab ta Pakistan da Indiya sun fi shekara 100 suna tafiya a kan tsarin da suke kira warabandi: kowane manomi ya san ranarsa da sa'arsa a cikin mako, gwargwadon girman gonarsa, kuma a rubuce. Ba kwamfuta ce ta kawo shi ba, takarda ce da alƙawari.

Kada ma mu yi nisa, ga Mali nan. Office du Niger ya kusa durƙushewa, sai a shekarun 1990 suka sake fasalin aikin. Suka janye hukumar daga casar shinkafa da cinikinta, suka bar ta da ruwa da gyaran kanal, suka kafa kwamitocin da manoma da ma'aikata ke zama tare su yanke inda kuɗin gyara zai tafi. Haɗe da gyaran filaye, shinkafar da ke ba da kusan tan 2 a hekta ta haura tan 5.

Na san wani zai ce ai duk cin hanci ne. To shi cin hancin a ina yake kwana? A inda babu rubutu, babu wa'adi, babu sunan mai alhaki. Wani kuma zai ce babu kuɗi. Allo da alli nawa ne? A 2024 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 500 a ƙarƙashin shirin SPIN, na madatsun ruwa da noman rani. In aka zuba sabon bashi cikin tsohuwar hanyar aiki, wallahi nan da shekara goma wannan roƙon za mu sake yi.

Abin da nake nema daga hukuma da shugabannin ƙungiyoyi bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. A kafa jadawalin ruwa a bakin kowace ƙofa, da Hausa, da boko da ajami, ɗauke da sunan mai buɗewa da lambar wayarsa. Koke ya shiga littafi da kwanan wata. Lissafin kuɗin ruwa a karanta shi a bainar jama'a ƙarshen kowane zango, kamar yadda ake karanta na ginin masallaci.

Watan Nuwamba ake shuka alkama. Duk wanda ke da fegi, kafin a miƙo masa rasit ɗin bana, ya ce a nuna masa jadawalin tukuna.