Ra'ayinmu: Kada mu jira sai ƙafa ta kumbura

Duk mai shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis ya san wata Hajiya ko wani Alhaji da a da shi ke buɗe rumfa kafin kowa, amma yau daga bakin ƙofa zuwa rumfarsa sai ya tsaya sau 2 ko 3 yana haki. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sanyi, wasu ma su ce jifa aka yi masa. Alhali sau da yawa hawan jini ne, wato tansiyon, ya shekara da shekaru yana cin zuciya a ɓoye har ta gaji.

Zuciya famfo ce. Idan awon jini ya zauna a 140 bisa 90 ko fiye, dole ta riƙa turawa da ƙarfin da ya wuce kima. Da farko naman ɓangarenta na hagu ya yi kauri ya ƙage, daga baya ya saki ya buɗe. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu. In abin ya sauko zuwa kashi 40 ko ƙasa, ruwa zai fara taruwa a huhu da ƙafafu da ciki.

Wani bincike da aka wallafa a 2012 a kan majinyata 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da asibitin koyarwa na Aminu Kano, ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 hawan jini ne sanadinsu, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne. Shekarun ƙarfi ke nan, lokacin da mutum ke riƙe da jari da gida da kuɗin makarantar yara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 kuwa ya ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba.

Abin da muke so ƴan kasuwa su gane shi ne, wannan gajiya ta zuciya ana iya hango ta tun kafin ta iso. Wanda ya daɗe da hawan jini ba ya shan magani, ko yana da ciwon sukari, ko an ga alamar ciwon ƙoda a fitsarinsa, ko bugun zuciyarsa ya rikice, shi ne a sahun gaba. Awon bugun zuciya na ECG yana iya nuna kaurin naman, hoton eko kuma yana auna ƙarfin turawar kai tsaye. A 2019 masu bincike na asibitin Mayo a Amurka sun nuna cewa kwamfuta na iya karanta takardar ECG ta tsamo mai raunin zuciya tun bai ji komai ba. Ke nan ilimin yana nan, saura ya iso inda talaka yake.

Akwai kuma alamun da ba su buƙatar na'ura. Haki a tafiyar da a da ba ta ba ka wahala, kasa kwanciya sai an tara matasai, tari da shaƙewa cikin dare, takalmi ko zobe ya matse, nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3. Wanda ya ga haka ya rufe rumfa ya nufi likita a ranar, kada ya jira kasuwa ta tashi.

Mu ma da laifinmu. Damagaram tun zamanin ayari garin gishiri ne da kanwa, daga kantun Bilma har mangul, ga dunƙulen magi ya zo ya ƙaru a kowace tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a tire suna tayar da tansiyon, suna riƙe ruwa a jiki. Mafi muni shi ne ajiye magani don an ji sauƙi. Maganin hawan jini na kullum ne, kuma kuɗinsa na wata bai kama ƙafar kuɗin kwanciya asibiti ba, balle asarar ciniki.

Ga iyayenmu mata muna da ƙarin magana. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta ta da kunun kanwa da zafin wankan jego. Wadda tansiyon ɗinta ya hau lokacin goyon ciki, a ci gaba da auna ta bayan haihuwa. Mai jegon da ke haki ko ta kumbura, a kai ta asibiti, kada a ƙara mata kunu.

Muna kira ga hukumomin lafiya na jihar Damagaram da su tabbatar kowace CSI tana da na'urar awon jini mai aiki da magani mai rahusa, a kuma sauƙaƙa hanyar tura mai haɗari zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Zinder don ECG da eko. Ɗaliban likitanci na Jami'ar André Salifou da shugabannin ƴan kasuwa za su iya kafa teburin awo a Kasuwar Dole kowace Alhamis, ba sai ranar 17 ga Mayu ta hawan jini ta duniya ba. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da limamai su sa baki, don maganarsu tana shiga inda ta ma'aikacin lafiya ba ta kaiwa. Mata masu adashi kuma su ware wani abu don awo da magani.

Ɗan kasuwar kirki ba ya barin bashi ya taru sai ya cinye uwar kuɗi kafin ya duba littafi. Mu auna jininmu wannan mako. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.