Ɗan Ajin Shugaban Ƙasa

Jama'a, ku dubi Nicolas Lerner. Aji ɗaya suka yi da Shugaba Macron a makarantar ENA, maƙyanƙyasar manyan ma'aikatan Faransa a wancan lokaci, suka gama a 2004. A 2018 aka damƙa masa DGSI, hukumar leƙen asirin cikin gida. A Janairun 2024 kuma ya gaji Bernard Émié a DGSE ta ƙetare, watanni kaɗan bayan juyin mulkin Yamai da ya girgiza Paris. Ba na musun ƙwazonsa, ko kusa. Amma kujerar nan aikinta faɗa wa mai gida gaskiya mai ɗaci ne, kuma ni dai ina shakkar abokin karatu zai iya duban idon Macron ya ce masa ya yi kuskure a Sahel.